Me Ya Hana Jirgin Ƙasa Ƙarasowa Katsina Da Daura Tun Zamanin Turawa?

Tambaya daga wani ɗalibi a Daura: "Salamu alaikum Baba Injiniya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. In muka fita bayan gari muna ganin aikin layin dogon nan da zai taso daga Kano ya bi ta nan ya wuce Maraɗi. Tambayata ita ce, tun da jirgi ya zo Kano tun farkon zuwan Turawa, me ya hana a ƙaraso da shi Katsina da Daura a lokacin, ga shi ba wata tazara ba ce? Na ji manya suna cewa wai sarakunanmu ne suka ƙi, don kada ya kawo baƙi su ɓata gari. Da gaske ne?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatu albarka. Tambayarka kashi biyu ce: me ya sa dogo ya tsaya inda ya tsaya, da kuma ko da hannun sarakuna a ciki. Zan amsa maka da abin da na gani a aikin reluwe, domin a sashen kula da layi na yi yawancin ƙuruciyata, galibi a kan layin da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, da kuma abin da na karanta a tsofaffin rahotannin gwamnatin mulkin mallaka bayan na ajiye aiki.

Kafin komai, jirgi ya shigo ƙasar Katsina tuntuni. Ya shigo ta kudu, ya ratsa Funtuwa, tun ƙarshen shekarun 1920. Birnin Katsina da Daura ne bai je ba. Dalili kuwa, a fahimtata, shi ne Turawa ba su shimfiɗa dogo don darajar gari ko don a sauƙaƙa wa mutane tafiya ba. Kaya suke bi. Inda suka ga kayan ba zai iso tasha ba sai an kai masa layi, sai su kai. Inda suka ga kayan yana zuwa da kansa a bayan jaki da raƙumi, ba sa ɓarnar ko sisi. Kayan Katsina da Daura na wannan kashi na biyu ne.

Yadda dogo ya hauro Arewa

A 1896 aka fara aikin layin Legas. Ya isa Ibadan a 1901, ya kai Jebba a bakin kogin Kwara a 1909. Wannan aikin gwamnatin Legas ne, don a lokacin Kudu daban, Arewa daban, kowa da gwamnansa da baitulmalinsa. A Arewa kuwa, Gwamna Lugga ya fara da wani ɗan siririn layi a 1901, wanda ke ɗauko kaya daga bakin kogin Kaduna zuwa hedikwatarsa ta Zungeru. Ba a ci Kano da Sakkwato da yaƙi ba sai 1903, saboda haka wannan ɗan layin ma ya riga faɗuwar daular.

Lugga yana son layin Arewa ya zama na Arewa, ya tashi daga bakin Kwara ya nufi Kano, kada ya dogara da Legas. Mutanen Legas kuma suna son nasu ne ya zarce har Kano, don duk kayan Arewa ya sauka a tashar jirgin ruwansu. An daɗe ana wannan ja-in-ja a Landan. Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne masu masaƙun Ingila, waɗanda suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Mancesta a 1902. Sun gaji da dogaro da audugar Amurka, sun kuma ji labarin cewa ƙasar Hausa ta daɗe tana noma auduga tana saƙa. Winston Churchill yana ƙaramin minista a ofishin kula da ƙasashen mallaka a lokacin, yana cikin waɗanda suka mara wa aikin baya. Akwai kuma dalilin soja da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: a 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, sun karkashe sojoji da Turawa, abin ya girgiza su ƙwarai. Sun gane cewa 'yan tsirarun sojojin da suke da su ba za su riƙe ƙasa mai wannan faɗi ba in ba su da hanyar kai ɗauki da sauri.

Sai aka turo Percy Girouard ya gaji Lugga a 1907. Mutumin Kanada ne, injiniyan soja, shi ne ya shimfiɗa wa Kitchener, janar na sojan Ingila, dogo ta cikin hamadar Sudan a 1897. Wato an zaɓo gwamna ne saboda ya iya aikin dogo. A shekarar aka amince da layin Baro zuwa Kano, mil 356, a kan ƙiyasin fam 3,000 kowace mil, wanda araha ce ƙwarai in aka kwatanta da abin da layin Legas ya ci. Ba a ba kamfani kwangila ba. Ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ce ta yi da kanta a ƙarƙashin John Eaglesome. Arewa a lokacin ba ta iya ɗaukar nauyin kanta, tallafi ake aiko mata daga Ingila duk shekara, don haka kuɗin bashi ne da aka ciwo da sunan Kudu. Ka riƙe wannan, domin layin da aka gina da bashi dole a riƙa tambayar kowace mil ɗinsa me za ta kawo.

Baro wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Nufe. An zaɓe shi ne domin in Kwara ta cika, wajen watan Agusta zuwa Oktoba, manyan jiragen ruwa suna iya haurowa har can. Duk ƙarfen dogo, da kan jirgi, da taragu, da ƙarafan gada, daga Ingila aka kawo su, kuma dole a sauke kayan aikin shekara guda cikin waɗannan 'yan watanni kafin ruwa ya janye. Layin ya bi ta Badeggi, Minna, ya haye kogin Kaduna, ya shiga Zariya, ya isa Kano ranar 28 ga Maris 1911, aka buɗe shi ga jama'a a Afrilun 1912. Shi ma layin Legas ya zarce daga Jebba ta Zungeru ya haɗe da shi a Minna. Kafin a gama gadar Jebba, jirgin fito ne ke haye da taragu. Da wannan haɗewa ta tabbata sai Baro ta fara mutuwa, don ba wanda zai jira ruwa ya kawo alhali ga hanya buɗe zuwa Legas rani da damina. A 1912 aka haɗe reluwen biyu, shekara biyu kafin a haɗe Kudu da Arewa kansu.

Waɗanda suka riƙe diga

Arahar nan da ake yabon Girouard da ita, a jikin talakawa ta fita. Babu katafila, babu tifa. Diga ce da shebur da kwando da kwanon sarki. Razdan zai aika wa sarki cewa ana son mutum kaza, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida-gida. Nufawa da Gwarawa da Zage-zagi da Kanawa, kowa ya yi gwargwadon inda layin ya ratsa ƙasarsa. Ana zuwa a yi 'yan makonni a sallami wasu a kawo wasu. Ana biyansu, wannan gaskiya ne, amma ba da son ransu suka zo ba, kuma wanda ya gudu dogari ne zai bi shi. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda a idonsa aka yi aikin, ya bar mana Waƙar Diga a kan wahalar da aka sha.

Biyan ma da manufa. Da sule da anini aka riƙa biya, ba da wuri ba, aka kuma ce haraji da irin wannan kuɗin za a biya shi. Lebura ya karɓi kuɗin Bature a bakin dogo, ya koma gida ya miƙa wa dagaci a matsayin haraji, kuɗin ya koma inda ya fito. Ta haka wuri ya fita daga kasuwa, ta haka kuma manomin Mashi ko Mai'aduwa da bai taɓa ganin jirgi ba ya wayi gari dole ya noma abin da kanti zai saya.

Wanda bai taɓa bin layi da ƙafa ba ba zai san girman aikin nan ba. Jirgi ba ya hawan tudu kamar mota, kuma ba ya son kwana mai kaifi. Saboda haka in safiyo ya ja layinsa, duk inda ƙasa ta yi kwari sai an cike, inda ta yi tudu sai an sare. Akwai wuraren da in ka tsaya a kan layi za ka ga kan giginya daidai da ƙafarka, kuma duk ƙasar da kake tsaye a kai, a ka aka ɗauko ta, kwano-kwano. In ka duba gefe za ka ga ramukan da aka ɗebo ta, sun zama kududdufai, makiyaya na shayar da shanu a ciki har yau. Sau da yawa in muna zagayen duba layi da helima, wato shugaban leburori, da mutanensa, mukan tsaya mu kankare tsatsa a gefen ƙarfen dogo, sai ka ga sunan masana'antar da ta zuba shi da shekarar, wani tun ba a haifi iyayenmu ba. Abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin dogon kuwa yawanci na ƙarfe ne ba katako ba, saboda gara.

An tafi neman auduga, aka dawo da gyaɗa

Da jirgi ya iso Kano, Turawan auduga sun zaci taragu za su cika da kaɗa. Ba haka ta faru ba. Masaƙa da marina na Kano da Zariya suna sayen auduga da tsada fiye da yadda BCGA za ta iya biya, tun da ita sai ta cire kuɗin jirgin ƙasa da na ruwa. A gefe guda kuma masana'antun Turai sun gano yadda ake daskarar da man gyaɗa a yi man shafa wa burodi da sabulu, farashinta ya tashi. Fataken goro na Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka san kowane ƙauye da kowane dillali, su suka shiga tsakani suka baza yaransu da kuɗi da gishiri da tufafi suna cewa a noma gyaɗa. Alhassan Ɗantata daga cikinsu ya fito. Manomi kuwa ya yi nasa lissafin: gyaɗa tana son jigawa, tana gyara gona, ga harawa ga dabbobi, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cinta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta kai wajen tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba. Buhuna suka taru a tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Fari da yunwar 1914 sun katse abin na ɗan lokaci, amma ya dawo da ƙarfinsa, har aka kai zamanin dalar gyaɗa.

To nan ne maganarmu ta shigo. Ƙasar arewacin Katsina da ta Daura da Kazaure jigawa ce, ƙasar gyaɗa ce ta ainihi. Sai mutum ya ce ai wannan dalili ne na a kawo mata jirgi. Amma ka duba tazarar. Daga Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne, daga Daura bai ma kai haka ba. Jaki da kaya yana cin wannan cikin kamar mako guda. Kuma yaushe ake cinikin gyaɗa? Daga kaka zuwa tsakiyar rani, lokacin da hanya ta bushe, rafuka sun ƙafe, manomi ba shi da aikin gona, jakinsa da takarkarinsa suna zaune. Ga Buzaye da suka sauko da gishirin Bilma da dabino, raƙumansu suna kiwo a ƙasar Hausa har bazara, suna neman dako. Saboda haka gyaɗar tana isa Kano ba tare da gwamnati ta kashe komai ba. Kuɗin dakon kuwa a farashi ake zabge shi: gwargwadon nisanka da tasha, gwargwadon ƙarancin abin da za a ba ka a buhu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In aka ja layi zuwa Katsina, reluwe ba za ta sami sabon kaya mai yawa ba, kayan da dama yana zuwa ne za ta ɗauko daga ɗan nesa, ta kuma ɗora wa kanta bashin gini da kuɗin kula.

Kuɗin kulan nan shi ne abin da mutanen waje ba sa gani, ni kuwa shi ne sana'ata. Layin da jirgi ɗaya ke bi a mako da wanda goma ke bi a rana, damina ɗaya ce ke dukansu. Ruwan dare ɗaya a watan Agusta yana iya cika kwalbati da yashi, ya tsallake ta bisa, ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashi, da safe ka tarar da dogo yana reto a sama ba abin da ya tokare shi. Dole a sami mutum da ya bi wurin da ƙafa kafin jirgi ya iso. Da bazara kuma ƙarfe yana miƙewa saboda zafi, in 'yar tazarar da aka bari a mahaɗa ta toshe sai layin ya karkace. Ga ciyawa, ga noti da ke kwancewa, ga shanu da ke tattake gefe. Duk 'yan mil kaɗan sai an ajiye helima da mutanensa, a gina musu gida, a biya su wata-wata. A zamanin jirgin tururi kuma sai an tanadi ruwa a tashoshi, rijiya ko dam da tanki, da itace ko kwal. Kwal ɗin ma sai da aka ja layi daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916 sannan aka samu na gida. Layin gyaɗa zalla wata huɗu ko biyar yake aiki sosai a shekara, taragu su tafi cike su dawo kusan wayam, sauran watanni kuwa albashi ake ta biya.

Kada kuma a ce ƙasa ce ta hana. Hanyar Kano zuwa Katsina shimfiɗaɗɗiya ce, tana bin doron da ya raba ruwan da ke gangarawa Rima da wanda ke gangarawa Haɗeja, babu wani babban kogi ko dutse da zai tsorata injiniya. Wanda ya haye Kwara a Jebba da Binuwai a Makurɗi ba wannan ce za ta gagare shi ba.

Me ya sa Funtuwa, me ya sa Nguru

In ka dubi rassan da aka yi bayan Kano za ka ga tsarin a fili. Na farko shi ne ɗan siririn layin da ya tashi daga Zariya ya hau Jos da Bukuru tsakanin 1911 da 1914. Kuza ta ja shi. Ita kuza nauyi gare ta, injinan haƙarta ma nauyi, kuma kamfanoni ne masu baki a Landan. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai aikinsa ya ragu, aka rufe shi a 1957.

Na biyu shi ne namu, Zariya zuwa Funtuwa, Tsafe, Gusau, har Ƙauran Namoda, wanda aka gina tsakanin 1927 da 1929. Kudancin Katsina ƙasa ce mai laka da isasshen ruwan sama, kuma a nan ne audugar da Turawa suka yi ta nema ta karɓu, bayan an kawo irin Amurka da ake kira Allen. Aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Gusau. Daga can gaba kuma ga gyaɗa da fatu da ƙiraga na Zamfara da Gobir da Sakkwato, waɗanda Kano ta yi musu nisan da dako zai cinye ribar. Wannan sabon kaya ne, shi ya sa aka kai masa layi. Funtuwa da take ƙaramin gari a ƙasar Maska ta cika da kantuna da 'yan baranda da baƙi daga ko'ina, har ta zama nan Sarkin Maska yake zaune. Na uku shi ne Kano zuwa Nguru, aka gama a 1930, don gyaɗa da fatu da shanun gabas, ƙasar Haɗeja da Gumel da yammacin Barno.

Ka ɗauki taswira ka sa yatsa a Ƙauran Namoda, da Kano, da Nguru. Katsina da Daura suna tsakiya, ta kowane gefe akwai tasha da dabba ko mota za ta kai. A idon mai lissafin kuɗi a Legas, wannan yanki an riga an gama da shi.

Sannan lokaci ma ya juya. A 1929 tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas, gwamnati ta daina sababbin ayyuka. Kafin a farfaɗo, lori ta riga ta shigo. En'e ta Katsina da kuɗin baitulmalinta da aikin gayya ta gyara hanyoyin mota zuwa Kano da Funtuwa, lori ta karɓi aikin jaki. Bayan Nguru ba a sake jan wani dogon layi ba sai na Barno, daga Kuru ta Bauci da Gwambe zuwa Maiduguri, tsakanin 1958 da 1964, da bashin Bankin Duniya na dala miliyan 28.

Iyakar Faransa

Akwai wani abu da ya shafe mu mu na bakin iyaka. Kafin zuwan Turawa, Katsina ƙofa ce ta arewa, ayarin Agadas da Ghat da Tarabulus suna sauka a nan. Amma tun ƙarni na 19, bayan jihadi, yaƙe-yaƙe tsakanin Katsina da Maraɗi da Gobir sun sa manyan fatake da yawa sun koma Kano. Bature Barth da ya zo a 1851 ya tarar da birnin ya ragu ƙwarai a cikin ganuwarsa. Saboda haka ko da Turawa suka zo suna neman inda kasuwa take, Kano suka gani. Jirgin kuma ya ƙarasa abin da ya rage na cinikin hamada, don kayan da ke shan watanni a bayan raƙumi daga Tarabulus yanzu yana zuwa ta Legas cikin 'yan makonni, da araha. Ga Italiya ta faɗa wa Libiya da yaƙi a 1911, shekarar da dogo ya isa Kano.

Ingila da Faransa kuma sun ja iyaka, aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908, ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram da wani sashe na ƙasarta ta dā. Da ƙasa ɗaya ce, layin da ya zo Katsina zai zarce Maraɗi da Tasawa, wanda ya zo Daura ya zarce Damagaram, a sami doguwar hanya mai kaya. Da iyaka a tsakani, layin zai zo ne ya ci karo da bango. Ingila ba za ta kashe kuɗinta don amfanin mallakar Faransa ba, musamman da yake gyaɗar Maraɗi da Magarya da Damagaram dama tana gangarowa Kano ta Jibiya da Kwangwalam da Baɓura. Ita Faransa kuwa ba ta son wannan dogaro, shi ya sa a shekarun 1950 ta shirya jigilar da ke karkatar da gyaɗar Nijar zuwa tashar jirgin Paraku a ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Benin, daga nan zuwa Kwatano a bakin teku, ko da yake hanyar ta fi tsawo.

Maganar cewa sarakuna ne suka ƙi

Wannan magana na sha jinta, kuma ba a Katsina kaɗai ake faɗarta ba, kusan duk garin da jirgi ya kauce wa akwai irinta. Ni ban yarda da ita ba. Ka tuna halin da sarauta take ciki a lokacin. Cikin 'yan shekaru kaɗan bayan 1903 Turawa sun tuɓe sarakunan Katsina biyu, Abubakar da Yero, suka naɗa Muhammadu Dikko. A Daura kuma su suka dawo da gidan sarautar Haɓe, suka naɗa Malam Musa. Sarkin da ake tuɓewa a kan abin da bai kai wannan ba, ba shi ne zai hana a ja layin da Landan ta amince da shi ba. Ba a nemi izinin Sarkin Zazzau ko na Kano ba, leburori aka nema a wurinsu.

Kuma ko da an nemi ra'ayin Dikko, halinsa da aka sani bai yi kama da mai gudun sabon abu ba. A zamaninsa, tare da Bature Palmer, jami'in mulkin mallaka a Katsina, aka fara gwada tsarin baitulmalin En'e a Katsina kafin ya bazu Arewa. Ya je Makka ta Ingila a 1921. A garinsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Mutumin da ya karɓi waɗannan, da wuya a ce jirgi ne ya ba shi tsoro. Sannan Funtuwa ai ƙasarsa ce, kuma yana kan gado aka ratsa ta da dogo.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne ka dubi sauran garuruwa. Bida ba ta kan layi, a Badeggi tasha take. Haɗeja ba ta kan layi, a Malam Madori take. Sakkwato, fadar Sarkin Musulmi, har yau jirgi bai je ba. Yola haka. Ba zai yiwu a ce duk sarakunan nan sun haɗa baki ba. Inda maganar manya take da ɗan tushe shi ne batun baƙi: gaskiya ne an yi gudun cakuɗa su da mutanen birni, amma maganin da Turawa da sarakuna suka yi wa wannan shi ne ajiye tasha a bayan ganuwa da kafa Sabon Gari, kamar yadda aka yi a Kano da Zariya. Ina jin daga nan ne labarin ya samo asali, ya yi ta canza kama a bakin mutane. Wannan na ƙarshe fahimtata ce, ba abin da zan ɗora maka a matsayin hujja ba, kuma ni injiniya ne mai karance-karance, malaman tarihi na jami'a za su fi ni zurfafawa a siyasar fada.

Layin da kake gani a bayan gari

Aikin da kuke kallo an aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Tsawonsa kilomita 284 daga Kano ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. Abin da ya bambanta shi da tunanin Turawa shi ne ya tsallake iyakar, yana neman kayan Nijar da suka saba bi ta Kwatano su dawo ta Legas. Tambayar da ta hana a gina shi a 1930 tana nan ba ta mutu ba: wane kaya zai ɗauka, wata nawa a shekara, kuma me zai ɗauko a dawowa? Gyaɗar fitarwa ta ƙare tun shekarun 1970, bayan fari da cutar da ta kama ta. Yanzu sai dai siminti da taki da man fetur da kwantenoni su hauro, dabbobi da hatsi da wake da riɗi da albasa su gangara. Fasinja kaɗai ba ya riƙe layi, wannan na gani da idona.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani tun da kana karatu a garin da aka kafa Jami'ar Sufuri: faɗin tsohon layin Turawa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, sabon kuwa milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da Legas zuwa Ibadan. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Don haka amfanin layin Maraɗi ya rataya ne a kan a kammala mai irin faɗinsa daga Kano zuwa Kaduna, sannan a cike giɓin da ke tsakanin Abuja da Ibadan. Kafin nan, duk kayan da ya taso daga Daura zai nufi teku sai an sauke shi a Kano an sake lodi, ko a tsohon layi ko a tirela. Buhun masarar Funtuwa ma, in ana son ya zo Katsina a jirgi, sai ya koma Zariya, ya hau Kano, a canza masa tarago, sannan ya juyo arewa.